Kwamfutar Babanku Tana Ƙasan Jakarki

Daura,
ranar Laraba, bayan azahar.

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da kyau, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Zariya lafiya, kin sami ɗaki, kin dace da abokan zama na kirki. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya kiyaye miki lafiyarki da mutuncinki da karatunki.

Na san za ki yi mamakin wasiƙa daga wadda kuka kwana gida ɗaya da ita. A shago nake rubuta ta, na ja ƙofa na ce wa masu kawo aiki su dawo gobe. Sama da shekara ashirin ina buga wa mutanen Daura takardunsu, na neman aiki da na neman canji da na ƙorafi, ban taɓa zama na rubuta tawa ba. Wannan kuma da biro nake yi, sai ki yi haƙuri da rubutun.

Idan kin kwashe kayanki za ki tarar da kwamfutar babanku a ƙasan jaka, na naɗe ta cikin zanena ruwan toka. Cajarta tana aljihun gefe. Taki ce yanzu. Shekara biyu kina roƙona ita, shekara biyu ina ce miki batirin ne ba shi da kyau, ko a bari sai an kai ta Kano an duba. Batirin ya yi rauni, wannan gaskiya ne, amma ba shi ya hana ni ba. Na san yadda take ɗin nan ba za ta yi miki karatu ba. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita ta tsufa, an daina aiko mata da gyara, in kin kunna ta sai ki dafa shayi ki shanye ba ta gama buɗe ido ba. Dole a sauke wannan a ɗora mata wata mara nauyi. Ranar da aka yi haka kuwa, allon da babanku ya bari, yadda ya bar shi da hannunsa, ya tafi ke nan. Abin da na kasa ke nan. Zan zo kansa, amma bari na fara da abin da na iya, shi ya fi mini sauƙin faɗa.

Wadda za ki ɗora mata sunanta Linux. A bakin Malama Indo na fara jin ta, kin san ta, mai koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata. Lokacin kina firamare. Tsohuwar kwamfutar shago ta fara yi mini taurin kai, ina layi na uku ita tana fito da na farko. Malama Indo ta kawo aiki ta tsaya tana kallon ikon Allah, can ta ce, "Maman Ummi, wannan ba mutuwa ta yi ba fa, lodi aka yi mata da ya fi ƙarfinta. Ki sauke mata ki ga gudu." Ta yi mini bayani cewa akwai babbar manhaja da ba ta kamfani ɗaya ba ce, mutane ne daga ko'ina a duniya suka haɗu suka gina ta, suka bar ta a buɗe. Kowa na iya ɗauka kyauta, wanda ya iya kuma ya leƙa cikinta ya gyara. Da na koma gida na tarar da babanku ya dawo daga zagayen manomansa na Mashi, yana wanke ƙafa a tsakar gida. Na ba shi labari, ya yi dariya ya ce, "Ashe su ma suna gayya." Daga ranar bai ƙara kiranta da sunanta ba. Sai ya tsayar da babur ya leƙo shago ya ce, "Yaya 'yar gayyar taki, tana aiki kuwa?" Tasa dai bai taɓa yarda na taɓa ba, wai ya saba da inda komai yake.

Ban jira Malama Indo ta dawo ta nuna mini ba, kin san uwarki da azarɓaɓi. Ashe Linux ɗin iri-iri ce, ta fi a ƙirga. Na zauna ina kallon hotunansu a intanet yadda nake zaɓen atamfa. Na ga wata mai sheƙi, in an ja taga a allo sai ta yi lilo, alamomin da ake dannawa manya masu launi, na ce wannan ce tawa. Na ɗora ta. Ummi, ta fi wadda na sauke nauyi. Fankar cikin kwamfutar ta dinga kuka tun safe har la'asar, mai shagon ɗinki na kusa da ni ya leƙo yana tambaya ko injin niƙa na sayo. Don haka kar ki zaɓa da ido, ƙarfin injin za ki fara dubawa. Na duba miki ta babanku, ƙwaƙwalwarta giga huɗu ce. Ki nemi wadda ake kira Mint, a cikin Mint ɗin ma ki ɗauki mai Xfce a jikin sunanta, ita ce mara nauyi. Ba ta da wata kwalliya. Maɓallin farawa yana ƙasa ta hagu inda kika saba, manhajar rubutu da ta shiga intanet duk suna zuwa tare da ita. In wani dalili ya sa ta ƙi, akwai Lubuntu, ita ma ba ta da nauyi. Kowacce kika ɗauka, ki nemi fitowar da aka ce za a daɗe ana kula da ita. Ki sauke ta da intanet ɗin makaranta, babba ce, za ta cinye miki datar waya.

Daga baya Malama Indo ta zo ta yi mini dariya son ranta, muka ɗora Mint, na zauna lafiya har kusan shekara. Sai na je Katsina sayen tawadar firinta, hira ta haɗa ni da wani mai gyara. Ya tambaye ni me nake amfani da shi, na faɗa masa ina jin kaina. Ya taɓe baki ya ce, "Haba Hajiya, ai wannan ta 'yan koyo ce." Wallahi tun daga Katsina har Daura maganar nan tana cina a mota. Ni da na fara da tafireta a sakatariyar Sandamu, lokacin shi ko wando bai iya ɗaurawa ba, ni ce 'yar koyo? Na dawo na nemo irin wadda gwanaye ke alfahari da ita, wadda ba ta ba ka komai sai baƙin allo, kai za ka rubuta mata duk abin da za ta yi. Kwana uku shago a rufe. Masu aiki su zo in ce musu babu wuta, alhali firjin mai sayar da lemo yana ta gurnani a bayana. Lambar Malama Indo tana wayata, girman kai ya hana ni kira. A rana ta uku babanku ya zo ya zauna a benci, ya daɗe yana kallona ina faɗa da baƙin allo, sannan ya ce, "Wai ke da wa kike gasa ne? Mutumin nan na Katsina ko sunanki bai sani ba." Na ji haushinsa ƙwarai, don ya faɗi gaskiya.

Za ki gamu da irin mutumin nan a makaranta, sun fi yawa a can ma. In ya ce taki ta 'yan koyo ce, ki ce masa e, koyo kika zo yi. Amfanin wadda mutane da yawa ke riƙe da ita shi ne duk matsalar da ta same ki ta riga ta sami wani, an tambaya an amsa, ki rubuta a intanet za ki gani. Kuma ki yi tambaya, Ummi, a kan kwamfuta da a aji da ko'ina. Na ga halin nan nawa a jikinki tun kina ƙarama, gara ki yi kwana uku kina shan wahala da ki ce ban gane ba. A wajena kika ɗauko shi, ban ji daɗin ba ki gadonsa ba.

Akwai wani abin da ban sani ba sai da na ƙone. Ana iya ɗora Linux a kan filashi, a tayar da kwamfuta daga filashin, a gwada ta ba tare da an taɓa komai na ciki ba. Ni ban gwada ba wani zuwan, na ɗora kai tsaye a makon da 'yan makaranta ke cike fom, sai ga firinta ta ƙi gaisawa da sabuwar manhaja, ga layi har bakin titi. Ke ki gwada tukuna. Ki ga tana kama intanet, ki ji ko sauti na fita, ki duba kyamara saboda darasin da ake yi ta bidiyo, ki nemi madannan Hausa ki ga ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa. Ki yini da ita a haka, ba wanda ke korar ki. In kin fara aikin makaranta kuma, ki riƙa mayar da shi PDF kafin ki tura wa malami, don yadda kika tsara shi haka zai buɗe a wajensa.

Kuskuren da har yau in na tuna nake jin kunya shi ne na Malam Iro. Ba lallai ki tuna shi ba, wani tsohon hedimasta ne daga garin Babban Mutum, dogo, mai sanda. Idonsa ya yi rauni, ba ya iya rubutu, sai ya riƙa zuwa duk Asabar a motar kasuwa ya zauna yana faɗa ina bugawa. Tarihin gidansu yake so ya bar wa jikoki: yadda kakansa ya shigo da shanu daga arewa, rijiyar da suka haƙa, sunayen matan gidan da 'ya'yan da suka rasu suna ƙanana. Wata biyar muna yi. Babu takarda ko ɗaya, daga bakinsa sai kwamfutata. Ana nan na tashi sabunta manhaja. Wajen ɗorawa akwai inda take tambaya ko a goge faifan ajiyar kwamfutar gaba ɗaya. Ina hira da wata mai kawo katin biki, hannuna ya danna, na ce to. Ban kwafe komai ba, don a raina na gama iyawa.

Asabar ta zo, Malam Iro ya jingine sandarsa ya ce, "To 'yata, ina muka tsaya? Ina jin wajen auren Goggo Dije ne." Na durƙusa har ƙasa na faɗa masa. Na yi fatan ya zage ni. Sai ya ce, "Ba komai. Allah Ya sa iyakarta ke nan. Ɗauko kujerarki mu sake." Mun sake ɗin, ban karɓi komai a hannunsa ba, amma na biyun bai kai rabin na farko ba. Wasu sunayen sun ɓace masa, wani labarin ya fara ya ce a bar shi. Ranar da na miƙa masa a ɗaure ya auna shi a hannu ya ce, "Wancan ya fi daɗi." Ya ɗauki sandarsa ya tafi, ni kuwa da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar ba na taɓa manhajar kwamfuta sai na kwafe abin da ke ciki wuri biyu, na buɗe kwafin na tabbata yana buɗuwa. Ke ma ki riƙe wannan har ki gama makaranta, musamman aikinki na shekarar ƙarshe. Kuma in kin zo wajen tambayar nan, ki kori kowa, ki karanta ta sau biyu. Ki nemi wurin da ke da sola ki yi aikin da rana, batirin nan ba ya wuce minti goma sha biyar, in aka ɗauke wuta tana tsakiyar ɗorawa sai an faro daga farko.

To, na gama da mai sauƙin.

Bayan rasuwar babanku, da aka share makoki mutane suka watse, na ɗauko kwamfutar don in nemo wa ofishinsu na aikin gona wasu takardu. Na kunna ta. Ga hoton gonar gero da ya ɗauka a Sandamu ya sa a allo, yatsansa ya rufe kusurwa ɗaya don bai taɓa iya ɗaukar hoto ba. Ga fayilolinsa a watse, ya tara su duk a gefen dama, wani a kan wani, yadda na yi ta masa faɗa yana cewa shi ya san inda kowanne yake. Ga ɗaya ya sa masa suna "sabo", na kusa da shi "sabo na gaske", na ƙasa "wannan ne". Na zauna ina dariya ina kuka. Ga na ƙarshe da ya taɓa, jerin manoman Mashi da za a ba irin wake, ya tsaya a tsakiyar sunan wani mutum. Ina jin kiran sallah aka yi ya tashi, da niyyar ya dawo.

Daga ranar, kullum in na dawo daga shago, ƙannenki suna Islamiyya, ke kina kicin, sai in shiga ɗaki in kunna ta. Jinkirin nata ma bai dame ni ba, ina zaune ina jira kamar yadda nake jiran ƙarar babur ɗinsa. Ba na buɗe komai, ba na matsar da komai. In kalla, in kashe, in fito in tambaye ki ko miya ta yi. Kalmar sirrin da ya sa mata sunanki ne na yanka, da ƙananan baƙaƙe. Ke ce ta fari, kuma sunan mahaifiyarsa kika ci, kin san bakina bai taɓa furta shi ba tun ranar suna. Shekara biyu ke nan yatsuna suna buga shi kullum.

Ina sane da abin da hakan ya jawo miki. Na gan ki kina rubuta aikin makaranta a waya da babban yatsa har idonki ya yi ja. Na gan ki kina zuwa shago ki jira in sallami mutane kafin ki sami kwamfuta, wata rana har magariba ba ki samu ba. Na san da wuni ɗaya zan iya mayar miki da ta babanku sabuwa, aikina ne, na yi wa mutanen da ban sani ba. Ranar da kika ce, "Inna, in ba za ki ba ni ba ki ce ba za ki ba ni ba, ki daina ɗora wa batir," na ce ba ki da kunya, na yi kwana biyu ba na amsa gaisuwarki da kyau. Ba rashin kunya kika yi ba, kama ni kika yi. Na fifita allo a kan 'yar da ya bar mini, kuma da yana nan da shi zai fara yi mini faɗa. Ki yafe mini. Wannan shi ne babban kuskurena, ya fi na Malam Iro, don wancan hannuna ne ya kuɓuce, wannan kuwa ina gani na yi.

Nasihar da zan ba ki a kansa gajeriya ce. In kin rasa wani, kuma za ki rasa, ki yi kewarsa yadda ranki ke so, amma ki duba kar wani mai rai ya zama shi ke biyan kewar.

Duk abin da ke cikinta na kwafe a filashi biyu, takardunsa da hotuna, har da hirarrakinsa da manoma da ya naɗa, muryarsa tana ciki. Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya na tabbata. Ɗaya yana cikin akwatina, ɗaya yana aljihun jakarki tare da caja. Ba abin da zai ɓata sai shi allon da yadda ya jera kayansa.

Na san ki, za ki ce ai ana iya ajiye tsohuwar manhaja da sabuwa gefe da gefe, kowacce da ɓangarenta. Ana iyawa, na yi tunaninsa ni ma har na kusa rubuta miki haka. Faifan ƙarami ne, in kin raba shi ba za ki sami wurin karatunki ba. Kuma in kin bar shi, duk wayar da za mu yi sai na tambaye ki ko yana nan, duk hutun da kika zo sai na karɓe ta na shige ɗaki. Ban tura ki Zariya gadin allo ba. In kin zo wajen tambayar, ki zaɓi a goge faifan gaba ɗaya.

Jiya da la'asar na kunna ta na ƙarshe. Na daɗe a zaune. Na yi masa addu'a, na kashe, na naɗe ta. Ina kewarsa, Ummi, kewar da ban san inda zan ajiye ta ba, ga shi tun ba ki fita ba na fara taki.

Abu ɗaya nake roƙonki. Ki kunna ta ki kalli allon sau ɗaya, mahaifinki ne, kina da hakki a kai. Sannan ki yi abin da na ce. Kar ki kira ni kafin ki danna. In kika kira ni zan ce miki ki bari sai gobe, na san kaina, goben kuma ba za ta zo ba. Ki kira ni bayan kin gama, ki ce mini, "Inna, tana gudu." Zan ce madalla. In kin ji na yi shiru bayan nan kar ki kashe wayar, ki ɗan jira ni.

Ƙannenki suna gaishe ki tun kafin ki tafi, Malama Indo ta ce in kin maƙale ki kira ta kar ki yi irin ta uwarki. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki ci abinci, ki riƙa sa babanku a addu'a. Allah Ya jiƙansa Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya yi miki albarka, Ya buɗa miki ƙirji, Ya raba ki da sharrin hanya da na mutane, Ya dawo mini da ke lafiya. Na ba Allah ajiyarki.

Wassalam.

Ni ce,
Innarki.